Haƙoran Akori-Kurar Alhaji

Hausawa kan ce taura biyu ba ta taunuwa. Magana ce wadda ko yara sun haddace ta, amma ba safai mutum kan gamu da ita an ƙera ta da baƙin ƙarfe, an zuba mata mai, an ɗaure ta da noti a ƙarƙashin mota ba. Wani dattijo manomi a ƙasar Saminaka, cikin Ƙaramar Hukumar Lere ta Jihar Kaduna, ya gamu da ita a haka, kuma sai da ta ci masa kuloci biyu da kusan rabin kaka kafin ya gane fuskarta. Mutanen garinsu ba su kiran sunansa, Alhaji kawai suke cewa, in kuwa ana son a bambanta shi da sauran alhazai sai a ce Alhaji mai akori-kura.

Ita dai motar Toyota Hilux ce ta farkon shekarun 1990, mai injin fetur irin wanda kanikawa ke kira 22R, da giya biyar, kuma da ƙafafun baya kaɗai take ja. Da can fara ce. Ta ɗauki taki, ta ɗauki kayan amare, ta kai masu naƙuda asibiti da tsakar dare, ta kuma kai gawa maƙabarta fiye da sau ɗaya, saboda haka a garin ba a ɗauke ta dukiyar mutum guda ba. Kimanin shekara goma da suka wuce aksil ɗinta na baya ya fashe a hanyar Zariya. Direban da ke jan ta a lokacin ya shiga kasuwa ya sayo wanda ya samu, aka ɗaura. Tun daga ranar sai mota ta sake hali. Kukan injin ya ragu a kan kwalta, ta riƙa sheƙa gudu ba tare da an matsa mata ba, man da take sha daga Saminaka zuwa Kano ya ɗan sauka. Alhaji ya ɗauki wannan a matsayin alheri da ya faɗo daga sama, bai kuwa tambayi dalili ba, domin ba a cika bin diddigin abin da ya zo da daɗi ba. Bayan 'yan shekaru kuma, saboda ramukan damina da ke kankare mata ciki, ya sa aka cire tayoyinta na asali aka sa waɗansu da suka fi su tsawo. Wannan ma ya ga amfaninsa, ya manta.

Da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, sai jigilar kaya a ƙaramar mota ta zama aikin baban giwa. Alhaji ya yi shawara da zuciyarsa, ya sayar da shanun huɗarsa guda biyu, ya haɗa da kwasar adashe, ya tafi kasuwar Panteka a Kaduna ya sayo injin casar masara. Injin yana zaune a kan ƙafa biyu, yana da nasa ƙaramin injin mai shan gas, nauyinsa duka ya doshi tan guda, akan maƙala shi a ƙugiyar bayan mota a ja shi daga gona zuwa gona. Lissafin Alhaji mai kyau ne. Ƙasar Saminaka ƙasar masara ce, kuma duk buhun da aka casa akwai ladan mai inji a ciki. Abin da kawai ke cikin sana'ar shi ne kaka ba ta jiran kowa. Manomin da aka yi wa alkawarin Talata, in bai ga inji ba har Laraba da hantsi, zai aika a kira wani, ba don ƙiyayya ba, sai don masararsa tana zube a fili, ga akuyoyi ga ɓarayi.

A kan kwalta motar ba ta nuna gazawa sosai ba. Wahalar tana gona. In an gama casa, an loda buhu takwas ko goma a bayan mota, ga inji a maƙale, ga ƙasa mai taushi ta riƙe tayoyi, to tashi daga tsaye ya zama yaƙi. In an saki kuloci da sauri injin ya mutu. In an riƙe shi rabi da rabi ana ba da totur, mota ta yi ta makyarkyata tana ja da ƙyar, sa'an nan wani ƙauri ya taso mai kama da na ƙonannen gashi. A hawa kuma giya ta huɗu ba ta riƙewa, ta uku ma sai da lallashi, allurar zafi kuwa tana ta hawa. Mako uku da fara aiki kuloci ya ƙone. Alhaji ya ce jabu ne aka sayar masa. Aka sa sabo, bai cika wata ba ya bi sawun ɗan'uwansa. Wannan karon sai laifi ya koma kan ƙafar mai tuƙi.

Mai tuƙin kuwa babban ɗansa ne, wanda ke karatun injiniya a wata kwalejin fasaha, yakan dawo gida ya kama aiki in an yi hutu. Da yake ɗan fari ne, Alhaji ba ya kama sunansa, "yaron nan" yake cewa, ko da yake yaron nan ya fi shi tsawo, gemu kuma ya fara fito masa. Bai yi musu da mahaifinsa ba. Ya dai sunkuyar da kai ya ce, "Baba, da a kai ta wajen Malam a duba." Alhaji kuwa zuciyarsa ta riga ta tafi wani wuri. Ya yanke cewa injin motar ne ya tsufa, har ya fara tambayar kuɗin wani na gwanjo, kuɗin da in ya biya shi babu abin da zai rage na ribar shekarar.

Malam da ake magana tsohon bakanike ne a bakin tasha, ya ba saba'in baya. Ya koyi aiki a zamanin da Peugeot ke sarauta a hanyoyin Arewa, bayan an buɗe masana'antar haɗa ta a Kaduna a 1975. Yanzu ba ya shiga ƙarƙashin mota sai ta kama, yana zaune a kan benci ne yana ba yara umarni da sandarsa. Ya saurari ƙarar injin, ya sa aka taka totur aka saki, ya duba hayaƙi, ya shafa bakin salansa da yatsa ya duba. Ya ce, "Alhaji, injin nan bai yi maka laifin kome ba. Wa ya taɓa aksil ɗin motar nan?"

Alhaji ya ce ai wannan tsohon zance ne, ya fi shekara goma, kuma tun da aka sa shi bai taɓa ko tari ba.

Malam bai amsa ba. Ya sa aka tokare ƙafafun gaba da duwatsu, aka sa giya a firi, aka ɗaga ƙafar baya guda ɗaya da jak, ɗayar tana ƙasa. Ya karɓi alli ya ba yaro ya yi zane a jikin taya, ya yi wani a jikin farfela, watau doguwar sandar ƙarfen nan da ke kawo juyi daga giyabos zuwa aksil. Ya ce wa yaro guda ya juya taya sau ashirin a hankali, ɗaya kuma ya kwanta ya ƙidaya sau nawa zanen farfela zai wuce. Aka juya, aka ƙidaya, aka sami talatin da tara da ɗan ɗoriya. Malam ya ce a sake. Aka sake, haka dai. Sai ya juya ga ɗan Alhaji ya ce, "To ɗan boko, raba mana da goma."

Dalilin raba wa goma maimakon ashirin shi ne, in ƙafa ɗaya tana ƙasa ba ta motsi, ƙananan giyoyin da ke cikin aksil sukan ninka juyin ɗayar, don haka juyi ashirin na ƙafa guda daidai yake da juyi goma na ƙafa biyu tare. Amsa ta fito 3.9. Watau sai farfela ta juya sau huɗu ba kaɗan kafin tayoyin baya su juya sau ɗaya.

A nan ya kamata mai karatu ya leƙa cikin tulun ƙarfen nan da ke tsakiyar aksil, domin duk rigimar a cikinsa take. Abu biyu ne manya a ciki. Akwai babban faifai mai haƙora a gefensa, kanikawa suna ce masa kirawun, akwai kuma ɗan ƙaramin dunƙule mai murɗaɗɗun haƙora a bakin farfela, shi ne finiyon. Ƙaramin ne ke tura babban. In aka ƙidaya haƙoran babban aka raba da na ƙaramin, abin da ya fito shi ne lambar aksil. Kirawun mai haƙori 43 da finiyon mai 11 suna ba da 3.91. Mai 43 da 10 suna ba da 4.30. Mai 41 da 9 suna ba da 4.56, mai 39 da 8 kuwa 4.88. Duk waɗannan ana samun su a zuriyar wannan mota, kuma daga waje tulun nasu kusan kama ɗaya ne, abin da ya sa mai saye da ido kawai yakan sayo abin da bai nufa ba. Lamba in ta yi girma, injin yana juyi da yawa kafin taya ta juya sau ɗaya, ƙarfin murɗawa a taya ya ƙaru, gudu ya ragu. In ta yi ƙanƙanta sai a sami akasin haka. Direbobi sun taƙaita zancen, sukan ce wannan aksil mai ƙarfi ne, wancan mai gudu ne. Duk wanda ya taɓa hawa tudu da keke mai faranti da yawa ya san abin a cinyarsa: in ya mai da sarƙa kan babban faranti na baya, ƙafa tana juyi da sauri, keke yana tafiya a hankali, amma yana hawa. Haƙora ba su ƙara wa injin ko ƙwayar zarra ta ƙarfi. Musanya kawai suke yi, su karɓi gudu su ba da ja, ko su karɓi ja su ba da gudu.

Malam ya sa aka goge wani ɗan allon ƙarfe da ke maƙale a jikin motar tun daga masana'anta, inda aka buga lambobin injin da giyabos da aksil. Da aka fassara lambar sai ta nuna da 4.56 motar ta fito. Ashe shekara goma ke nan tana yawo da haƙoran da ba nata ba.

"Ba shi ke nan ba," in ji Malam, ya nuna taya da sandarsa. Aka kawo awo. Tayar asali tsawonta wajen santimita 65 ne, wadda ke jiki yanzu kuwa 70. Doguwar taya tana cin ƙasa mai yawa a juyi guda, saboda haka ita ma aikin aksil mai gudu take yi. Ɗan Alhaji ya buga lissafi a wayarsa, ya ce 3.91 a kan wannan taya daidai yake da 3.63 a kan ta asali. Tsakanin 4.56 da 3.63 kuwa akwai kashi ɗaya cikin biyar. Ma'ana, an zare wa motar ɗaya bisa biyar na ƙarfin janta a hankali, cikin matakai biyu waɗanda kowannensu Alhaji ya yi murna da shi, sa'an nan aka rataya mata tan guda a wutsiya aka ce ta tashi daga cikin kunya. Har ila yau malejinta ma ƙarya yake yi duk shekarun nan, domin daga giyabos yake ɗaukar ƙidaya, bai san an sake kome a baya ba. In allura ta nuna 80, motar tana kan 100 ne. Da yaron ya faɗi haka sai Alhaji ya yi shiru, ya tuna sau nawa ya zauna a gaba yana yaba wa direba saboda ba ya wuce tamanin.

To, gano cuta daban, zaɓen magani daban. Nan ne uba da ɗa suka rabu, ko da yake rabuwar tasu ba ta fito fili da ɗaga murya ba.

Shi yaron yana son a bar aksil yadda yake, ko kuwa in ya zama dole a sa 4.30. Hujjarsa ba ta banza ba ce. Casa wata uku ce a shekara, sauran wata taran kuwa motar a kan kwalta take, tana kai hatsi kasuwar Dawanau a Kano tana dawowa da kaya. Ya zana lissafi a bayan wata takardar siminti. Taya mai tsawon santimita 70 tana cin kimanin mita 2.2 a juyi guda, watau juyi 455 a kilomita. A gudun kilomita 100 cikin awa, a giya ta biyar, injin zai riƙa juyi wajen 2,520 a minti da aksil ɗin da ke jiki. Da 4.56 zai koma wajen 2,940, da 4.88 kuwa ya haura 3,100. Ƙarin juyi ƙarin mai ne, in ji shi, ga ƙara a kunne, ga tsohon inji da za a riƙa wahalarwa. Ya ƙara da cewa ai don haka aka yi giyabos: in ta huɗu ta gaza a koma ta uku, in ta uku ta gaza a koma ta biyu, me zai sa a kashe kuɗi a kan abin da hannu zai iya yi kyauta? A ƙarƙashin wannan hujja akwai wata wadda bai faɗa ba, kowa kuwa ya san ta. Daga ribar tafiyar Kano ake biyan kuɗin makarantarsa, kuma saurayi ne, yana jin daɗin mota mai sheƙawa.

Malam ya bar shi ya gama. Sa'an nan ya ce, "Ɗana, duk abin da ka faɗa gaskiya ne. In ta huɗu ta gaza ka koma ta uku. To in ta ɗaya ta gaza fa, ina za ka koma?"

Wannan tambaya ita ce gindin maganar duka. Mota tana cikin tafiya, giyabos yana iya rufe asirin aksil mai gudu. Amma a tsaye, cikin ƙasa mai laushi, da lodi a baya da inji a ƙugiya, babu wata giya a ƙarƙashin ta ɗaya. A ce ta ɗaya tana ninka juyi sau huɗu. In aka haɗa da 3.91 an sami ninki goma sha biyar da rabi, in aka haɗa da 4.88 an sami goma sha tara da rabi. Bambancin rubu'i guda ne cif. Wannan rubu'in da babu shi, kuloci ne ke biyan sa, domin direba ba shi da wata dabara illa ya bar shi yana zamewa har mota ta sami motsi, zamewar nan kuwa wuta ce. Ba ƙafar yaron ce ta ƙone kuloci biyu ba. Alhaji ya fahimci haka sarai, bai dai ce kome ba, sai ya miƙa wa yaron goron da ke hannunsa, abin da bai saba yi ba.

Game da mai kuma, lissafin yaron gaskiya ne ga mota marar kaya a shimfiɗaɗɗiyar hanya. Ga mota mai jan nauyi abin ya sha bamban. Injin irin wannan ya fi ƙarfin murɗawa in juyinsa ya kusanci 2,500 zuwa 3,000 a minti. A gudun kilomita 60, wanda ya ishi duk mai jan injin casa, giya ta huɗu da 3.91 tana ajiye shi a wajen 1,780, can ƙasa inda yake nishi, totur a ƙasa, ruwan lagireto yana tafasa. Da 4.88 zai zauna a wajen 2,220, ya matso kusa da inda yake da kuzari. Injin da aka danne wa totur yana fama ba ya tsimin mai, ko da juyinsa kaɗan ne.

Sai Alhaji ya kawo tasa shawarar, wadda ta fi ta kowa araha. Tun da doguwar taya na cikin masu laifi, me zai hana a mai da gajeriyar? Malam ya ce ana iya yi, za a sami kusan kashi takwas cikin ɗari, amma tulun aksil zai sauka ƙasa da santimita biyu da rabi, kuma Alhaji ya fi kowa sanin hanyoyin da yake bi. Alhaji ya tuna wani kwazazzabo da ke tsakaninsa da gonakin da suka fi ba shi aiki, ya janye maganarsa.

Saura 4.56 da 4.88. Zuciyar Alhaji ta fi kwanciya da na farkon, domin shi ne na asali, kuma a ganinsa waɗanda suka ƙera mota sun fi kowa sanin ta. Abin mamaki, yaron da ya zo yana neman aksil mai gudu shi ne ya rushe wannan. Ya sake duba takardarsa ya ce, "Baba, su da suka sa 4.56 sun sa shi ne don taya mai 65. In ana son motar ta koma yadda suka yi ta alhali tana kan mai 70, sai an ninka da saba'in a raba da sittin da biyar." Ya buga, ya sami 4.91. Mafi kusa da wannan a cikin abin da ake samu shi ne 4.88. Watau aksil ɗin da kowa ke gani ya yi tsanani, shi ne kawai zai mai da motar gidan jiya. Ya faɗi haka yana sane da cewa ya kashe hujjar kansa. Ya kuma ambata, kamar mai ba kansa haƙuri, cewa a Amurka mai sayen sabuwar akori-kura akan ba shi zaɓin lambar aksil tun a wajen ciniki, irin su 3.55 da 3.73 da 4.10, kuma nauyin da masana'anta ta yarda ya ja yana sauyawa da lambar da ya zaɓa. Malam ya ce su can suna zaɓe kafin su saya, mu nan sai mun ƙone kuloci biyu.

Neman kayan ya ci kwana uku a kasuwar kayan gwanjo a Kano. Kafin su tashi Malam ya yi musu gargaɗi biyu. Na farko, kada su yarda a sayar musu da kirawun daban finiyon daban. Tun a masana'anta ake goga su da juna har su saba, miji da mata ne, in aka haɗa wani da matar wani za su yi ta kuka har su cinye juna. Ko da ma'auratan ne, in aka kwance su daga mazauninsu, mai da su yana bukatar gwani mai haƙuri da zai daidaita su da siraran washa, ya shafa shuni a haƙora ya ga inda suke taɓa juna. Alherin wannan mota shi ne tulun gaba ɗayansa yana kwancewa daga aksil, don haka su sayo shi cikakke yadda yake. Na biyu, kada su saurari bakin mai kaya, su ƙidaya da hannunsu. Wannan ya yi amfani. Wani mai shago ya rantse musu cewa nasa mai ƙarfi ne, irin wanda suke nema. Yaron ya ɗiga alli a haƙori guda ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya sami 41, ya leƙa finiyon ya sami 10, watau 4.10. Mai shagon bai ji kunya ba, ya ce ai duk ɗaya ne. Mai yiwuwa ma har zuciyarsa haka ya ɗauka. A rana ta uku suka sami mai 39 da 8. Suka duba haƙoran babu tsaga babu ramuka, suka girgiza bakin finiyon ba ya lilo, suka juya shi ba ya kurman boris. Kuɗinsa ya yi daidai da buhun masara shida a farashin makon, ƙasa ƙwarai da kuɗin injin da Alhaji ya so saye.

Ranar ɗaurawa Malam da kansa ya tsaya a kan zuba mai. Ya ce haƙoran irin wannan aksil ba birgima kawai suke yi a kan juna ba, har da goga, don haka sai man giya mai kauri wanda aka yi musamman dominsu, ba ragowar baƙin mai ba. Daga nan ya ɓalle da labarin Peugeot 404 ta zamaninsu, wadda aksil ɗinta dunƙulen ƙarfe ne mai kama da dodon koɗi yana tura faifan tagulla, da yadda ita kuma take da nata man daban, da yawan waɗanda suka lalata nasu saboda rashin sanin haka. Yaran gareji sun ji labarin nan ya fi sau hamsin, suka ci gaba da ɗaure noti.

Washegari aka gwada ta a gonar da kuloci na biyu ya ƙone. Buhu goma a baya, inji a ƙugiya. Yaron ya sa ta ɗaya, ya ɗaga ƙafa, motar ta ɗan yi nishi ta tashi, babu makyarkyata babu ƙauri. Masu casa da suka riga suka jeru a baya don turi suka tsaya da hannuwa a sama. A kan kwalta ya gwada malejin da na wayarsa, ya ga sun yi daidai, karo na farko cikin shekara goma.

Amma a mako na biyu motar ta koya musu abin da haƙora ba su iya yi. Suna saukowa wata gangara da lodi, yaron ya saki jiki saboda yadda ta hau tudun ba wahala, ya bar ta a ta huɗu. Injin casa ba shi da birki nasa. Nauyinsa ya taso ya riƙa tura motar daga baya, birki ya yi zafi ya fara laushi, wutsiya ta soma kaɗawa. Allah ya sa ya sami ta uku, sa'an nan ta biyu, injin ya yi kururuwa ya riƙe ta har suka kai ƙasa. Aksil mai ƙarfi ya taimaka a nan, gaskiya ne, domin yadda yake ninka ja haka yake ninka riƙon inji. Sai dai bai ƙara faɗin birki ba, bai ƙara kaurin sifirin ko ƙarfin ƙugiya ba, abin da ya yi kawai shi ne ya sa motar ta iya tayar da nauyin da tsayar da shi ke da wuya. Alhaji yana gaba a ranar. Da suka tsaya ya sauko ya zagaya motar sau biyu, ya taɓa ƙafar baya ya janye hannu da sauri. Tun daga ranar ya kafa doka: in inji yana maƙale, buhu shida ne iyaka, kuma giyar da aka hau tudu da ita da ita za a sauka.

Da kaka ta wuce aka koma tafiyar Kano. Abin da yaron ya faɗa ya tabbata, motar tana kuka a gudun ɗari, man da take sha in babu kaya ya ƙaru. Alhaji ya ce to a riƙa tafiya a tamanin, tamanin ta gaskiya. Tafiyar ta ƙara kusan awa guda, yaron yakan dawo bayan magariba maimakon kafinta. Tsohon tulun mai 43 da 11 yana nan a zaure, an shafe shi da mai an naɗe cikin buhu. Wani direban haya da ke bin hanyar Jos ya zo sau biyu yana taya shi. Alhaji ya ce a bari tukuna, sai yaron nan ya gama makaranta an ga wace hanya motar za ta fi bi.